Reshe na Takwas

Ranar kasuwar da ta wuce, biyu daga cikinku sun tsaya a bakin rumfata ina fasa ƙasar zubin wata munduwa. Da munduwar ta fito, sai na ji ɗaya ya ce wa ɗan'uwansa, "Ashe abin ba wuya, narkawa ce kawai da zubawa." Shi ya sa da malaminku na cibiyar koyon sana'a ya ce in zo in yi muku magana a kan ƙirar fari, na amsa masa nan take. Sunana Habu. A nan Gure na koyi aikin, a nan na yi shi, a bakin wutarsa kuma na yi furfura.

Aikin farko da aka bar ni na yi da hannuna ƙararrawar raƙumi ce, ta wani makiyayi daga Gamu. Kafin nan shekara uku na yi ina zuga wa maigidana wuta. Baba Ari ake ce masa, mutumin Manga ne, da Barbarci yake faɗa, da Hausa yake ciniki. A shekarun nan uku bai bar ni na taɓa magagari ba, balle awartaki. Gawayin ƙirya nake fasawa, in tace laka, in kwaɓa yumɓu da kashin jaki har hannuna ya tsage. Shi zubi ga yadda yake: ka murza kakin zuma ka fitar da siffar abin da kake so, ka shafe shi da laka mai laushi, ka lulluɓe da yumɓu, ka bar masa ƙofa. In ya bushe ka gasa, kakin ya narke ya fita, sai ka zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Ba ka ganin abin da ka yi sai ka fasa ƙasar, kuma in ka fasa ta, ta tafi ke nan.

Ƙararrawar nan ta fito sumul, na goge ta tana ƙyalli. Baba Ari ya ɗaga ta kusa da kunnensa ya kaɗa sau ɗaya. Sai ya ɗora ta a kan uwar maƙera ya sa masaba ya raba ta biyu. A cikin ƙarfen akwai rami kamar ƙwayar dawa. Ya ce, "Mai raƙumi da kunne yake neman dabbarsa a daji, ba da ido ba. Koma ka sake." Sau huɗu na sake ta.

Bayan na buɗe tawa rumfar, linzami da likkafa na yi, da mundaye, da zobba, da warwaro na amare. Mutanen Kelle suna son abu mai nauyi, matan cikin gari suna son siriri mai zane. Haka muka yi ta yi har shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai yi kai ba, fara kuma ta zo ta ƙarasa saura. A shekarar nan ba wanda ya sa a yi masa zobe. Dabbobi suka yi ta faɗuwa a bakin rijiyoyi. Maimakon mata su zo saye, kawo nasu suka riƙa yi. Wata mata daga Gidigir ta kwance mundaye biyu daga bakin zanenta ta ajiye gabana, na duba na ga zanena ne, ni na zuba su lokacin aurenta. Tiyar gero take nema. Na auna mata daga wanda ke gidana, na jefa mundayen a buhu. Ni kaina na koma liƙin tukwane da butoci don a samu abin sa wa a baki.

A cikin ɗarin shekarar ne, wata Lahadi da hantsi, Madam Rahila ta zo rumfata. Baturiya ce, likitar dabbobi, ta kusa shekara biyu a Gure tana yawo da mota cikin rugage tana yi wa abin da ya rage na garkuna allura. Ta iya Hausa daidai gwargwado, in ta kakare sai ta sako Faransanci. Ta gaishe ni, ta zauna a kan tabarma, ta kwance wani ƙunshi a hankali kamar mai kwance jariri.

Fitila ce ta tagulla, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba. Tana da gindi da kara a tsakiya, rassa huɗu sun fito ta dama sun lanƙwasa sama, ta hagu kuma uku ne da kututture. A kan kowane reshe akwai ɗan ƙoƙo na zuba mai, dukansu a layi ɗaya, sai na kan karan tsakiya da ya ɗara su tsawo. Ta ciro reshen da ya karye daga aljihu. Ƙoƙonsa ya baje kamar an taka gwangwani.

Ta ce, "Malam Habu, a hanyar Kelle akwatina ya faɗo daga kan mota, taya ta bi ta kai. An ce in akwai mai gyarawa a garin nan, kai ne."

Na ce, "Madam, wannan reshen ba ya miƙuwa, sai dai a zuba sabo. Ki bar mini ita sati biyu."

Ta girgiza kai. "Ba ni da sati biyu. Yau da faɗuwar rana idinmu yake farawa. Ni Bayahudiya ce. Hanuka muke ce masa, kwana takwas ne. Yau zan kunna ƙoƙo ɗaya, na ƙarshen dama. Gobe biyu, jibi uku, har a kai takwas. Wanda ya karye shi ne na takwas, sai Lahadi mai zuwa zan buƙace shi. Amma kullum da yamma dole fitilar ta dawo gidana."

Ban taɓa zama da Bayahude ba sai ranar. Sai na tambaye ta abin da ya kamata in tambaya. "Madam, ki yi haƙuri. Sujada ake yi mata?"

Ba ta ji haushi ba. Ta ce, "A'a. Allah ɗaya muke bauta wa, ba ma rusuna wa abin da hannu ya ƙera. Tunawa ce." Sai ta ba ni labarin. A zamanin da, wani sarki baƙo ya mamaye ƙasarsu, ya ƙazantar da ɗakin ibadarsu na Baitul Maƙdis. Da suka ƙwace shi suka tsarkake, suka nemi man zaitun mai tsarki na kunna fitilar ɗakin, ba su samu ba sai ƴar kwalba ɗaya, ta kwana guda. Suka kunna haka nan. Man ya yi kwana takwas yana ci, har aka tatso sabo.

Na nuna ƙoƙon tsakiya na ce to wannan na tara fa? Ta ce shi bara ne, mai hidima. Da shi ake kunna sauran, shi ya sa aka ware shi sama. Su takwas ɗin ba a aiki da haskensu, ba a karatu, ba a ɗinki, kallonsu kawai ake yi. Sannan ta ɗora yatsa a kan layin ƙoƙunan ta ce, "Abu ɗaya nake roƙo. Kada sabon ya fi ƴan'uwansa tsawo, kada ya gaza su. Ba daren da ya fi wani."

Ranar nan na auna reshen ƙarshen dama da zare da tsinke, na murza kaki na yi irinsa a juye. Da la'asar sakaliya na naɗe fitilar a zane na kai mata gida, bayan ma'aikatar dabbobi. Ta ajiye ta a kan ɗan tebur a bakin ƙofa ta yadda mai wucewa zai gani, don ta ce haka al'adar take, ba a ɓoye ta a ƙurya. Ta murza auduga ta yi lagwani, ta zuba mai daga wata ƴar kwalba da ta zo da ita daga ƙasarsu. Na tafi sallar magariba. Da na dawo wucewa, na hango ta zaune ita kaɗai a kan kujera, hannuwa a cinya, wuta biyu na ci a gabanta, bara da na farko.

Zubin farko na yi shi ranar Talata da tarkacen tagulla, don gwaji. Ya fito lafiya, ba rami ba tsaga. Na kara shi da kututturen, na ɗora tsinke a kan ƙoƙunan. Sabon ya gaza da kaurin ƙwayar gero biyu. Ku da kuke cewa narkawa ce da zubawa, ku riƙe wannan: ƙarfe in ya huce tsukewa yake yi. A zobe ba ka lura, a munduwa ba wanda zai auna. A reshe mai tsawon yatsa biyu da lanƙwasa, ga shi nan a fili. Na san da haka tun ina yaro, gaggawa ce ta mantar da ni.

Na ɗauki fitilar na tafi wurin Baba Ari. Lokacin ya tsufa, ya bar aiki, idonsa sai dishi-dishi. Ya karɓe ta ya bi ta da yatsu tun daga gindi har sama.

Ya ce, "Wannan ba aikin ƙasar nan ba ne. Ta wane ce?"

Na faɗa masa duka. Ya ce, "Ka tambaye ta ko ana yi mata sujada?"

"Na tambaya, Baba. Ta ce a'a."

"To fitila ce. Matar da take kwana a rugage saboda awakinmu, ka gyara mata fitilarta." Ya ci gaba da lalube. Ya ce in ƙara wa kakin kauri da tsawo kamar farce, kuma in yi ƙasa biyu a lokaci guda, don ɗari ba ya barin yumɓu ya bushe da wuri. Sai yatsansa ya tsaya a wuri ɗaya, inda reshe na bakwai ya haɗu da kara, sama kaɗan da kututturen. Ya ce, "Habu, ka ga nan?"

Na kankare dattin da farce. Ashe reshe na bakwai ma ya taɓa karyewa. Wani ya liƙe shi da dalma, liƙin gaggawa, ya tara ta dunƙule kamar curin tsamiya, shekaru suka baƙanta ta har ta saje da tagullar. Ni da Baba Ari mun san abin da ke nan. Dalma tana narkewa tun tagulla ba ta ko yi ja ba. In na kai wutar haɗi kan kututturen, zafin zai bi ƙarfe ya hau, reshe na bakwai ya faɗo.

Da yamma na nuna wa Madam Rahila. Na ce, "Abu mai sauƙi ne. In cire wannan tsohon liƙin gaba ɗaya, in haɗa rassan biyu da azurfa a wuta ɗaya. Zai fi ƙarfi, zai fi kyau."

Ta ɗora hannu a kan wurin da sauri, kamar zan ƙwace. Ta ce, "A'a, Malam Habu. Wannan kada ka taɓa shi." Sannan ta ce fitilar ta kakarta ce. A ƙasar da kakar ta tashi, an yi wani zamani da aka riƙa bin mutanensu gida-gida ana kwashe su ana kashewa. Ƙanen kakar ne ya yi liƙin, kwana kaɗan kafin a zo a tafi da shi. Daga gidan nan duka, kakar ce kaɗai ta tsira, da fitilar ɗaure a cikin riga. "Ba mu da hotonsa, ba mu san kabarinsa ba. Wannan dalmar ce kawai."

Na ce, "To na ji, Madam." Na kuma nemi izninta in narka karyayyen reshen a cikin sabon, don launin ya zo ɗaya. Ta ce ta yarda.

Zubi na biyu na yi shi ranar Alhamis bayan azahar, da tsohon ƙarfen. Tsawo ya yi daidai. Na goge ƙoƙon, na zuba masa man gyaɗa na ajiye a kan farin ƙyalle. Kafin in sha ruwa, ɗigo ya fito a ƙasa. Ƙasar ba ta gama bushewa ba, tururi ya huda ƙarfen, huda kamar ta allura. Ana iya toshe irin wannan da dalma mai shi bai sani ba, sai bayan shekara biyu. Na sa masaba na farfasa shi.

Saura ƙasa ɗaya, kuma ƙarfen ya ragu, don duk narki wuta tana cin rabonta. Na juye buhun tarkace ina kara kowane da jikin fitilar a rana. Wanda launinsa ya fi kusa, munduwar matar Gidigir ce. Na yanki rabinta na ƙara. Ranar Juma'a tun da safe na gasa ƙasar har ta yi ja, na zuba, na rufe da toka, na tafi masallaci. Sai da na dawo na fasa. Na zuba mai na jira. Ƙyallen bai jiƙe ba.

Ranar na kai fitilar da wuri, don ta gaya mini ran Juma'a tun rana ba ta faɗi ba take kunnawa, kuma ta cika ƙoƙunan fal don su daɗe. Daga nan Asabar ɗinsu, ranar hutunsu, ta shiga, ba ta kunna wuta, ba ta aiki. Ta ce, "Gobe fitilar ba za ta fita ba, ko matsar da ita ba na yi. Abin da kake yi a rumfarka kuwa, naka ne." Wunin Asabar na yi shi da magagari, ina bin zanen ganye da ke jikin reshen dama daga abin da na kwafa a kaki. Na fitar wa sabon reshen da ɗan harshe wanda zai shiga cikin kututturen.

Ranar Lahadi da safe na ɗauko fitilar, na tarar da Baba Ari zaune a bakin rumfata da sandarsa. Ban aika masa ba. Na huda kututturen, na sa harshen ya zauna daram, na ɗaure da waya, na gwada tsinke a kan ƙoƙunan takwas, na ɗora ƙwayar azurfa a kan haɗin. Sannan na lulluɓe tsohon liƙin da ɗanyen yumɓu mai kauri, na naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, na binne sauran rassan a cikin jiƙaƙƙen rairayi, haɗin kaɗai ya rage a waje. Ban yi amfani da zugazugi ba, wutarsu ta yi faɗi. Gawayi uku na jera, na ɗauki bututun busawa da baki.

Baba Ari ya matso ya ɗora babban yatsansa a kan yumɓun. Ya ce, "Idona ba ya gani, amma wannan yana ji. In na ce ɗauke, ka ɗauke, ko azurfar ta gudu ko ba ta gudu ba."

Na fara busawa. Tsumman ya soma tururi. Haɗin ya yi baƙi, ya yi ja-ja, ƙwayar azurfar tana zaune a kai ba ta motsa ba. Baba Ari ya ce, "Ɗauke!" Na ɗauke. Muka ɗiga ruwa, muka sake yumɓu, muka jira ya huce. Karo na biyu ma haka. A na uku na matsar da gawayin ƙasa kaɗan, na tara numfashi na busa ba tsayawa. Na ji tsumman yana ƙauri. Baba Ari bai ce in ɗauke ba. Sai azurfar ta yi ƙyal, ta zagaye haɗin kamar ruwa. A daidai lokacin ya ce, "Ɗauke, Habu!" Da ya janye hannu, fatar yatsan ta yi fari ta tashi. Ya sa shi a ƙwaryar ruwa ya ce, "Buɗe mu ji."

Na ɓare yumɓun. Dalmar tana nan yadda take, dunƙulalliya, baƙa. Na girgiza reshe na bakwai, bai motsa ba.

Da la'asar na kai mata fitilar, bayan na idar da magariba kuma na koma gidanta. Akwai makiyaya huɗu ko biyar a ƙofar, sun zo karɓar magani, suka tsaya kallo. Ta riga ta zuba mai a ƙoƙunan tun daga dama zuwa hagu. Ta kunna baran, ta rera addu'arsu a hankali da harshensu. Na zaci daga dama za ta fara, sai na ga ta kai wutar ƙarshen hagu. Ta ce kullum sabon dare ake fara kunnawa. Lagwanin ya kama. Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da baran mazauninsa. Na durƙusa na daidaita idona da bakin ƙoƙunan. Wuta takwas a layi ɗaya, ba wadda ta ɗara wata.

Ta ce aƙalla rabin awa za su yi suna ci, kuma ba a hure su. Ta fito da wani soyayyen abu kamar ƙosai ta raba wa makiyayan, ta ce a idin nan abin da aka soya da mai ake ci. Muka zauna muna kallon wutar. Ni haɗin nake kallo, don sai ƙarfe ya ɗumama mai yake nuna hanyarsa. Da lokacin ya cika na nemi izni, na sa yatsa ƙarƙashin sabon ƙoƙon, na bi reshen har haɗin. A bushe. Na taɓa ƙarƙashin tsohon liƙin. Shi ma a bushe.

Ta ce, "Yaya, Malam Habu?"

Na ce, "Ba ɗigo, Madam."

Ta gyaɗa kai. Sai na tambaye ta ko shi ƙanen kakar tata maƙeri ne. Ta ce, "Koyo yake yi. Shekararsa goma sha shida. Bai gama ba."

Sa'anku ne ke nan. Na sake duban liƙin a hasken baran. Dalmar ta yi yawa, bai goge bakin ba, da a gaban Baba Ari ya yi shi da an ce ya sake. Amma ya riƙe reshen nan tun ba a haife ni ba, ya ratsa ƙasashen da ban san sunansu ba, taya ta bi ta kusa da shi a hanyar Kelle bai saki ba. A cikin duk abin da na zuba da hannuna, har yau babu wanda ya kai shi daɗewa.